Hon Biyu a Garejin Babaji

Mamman ya sake jona wayar da ba ita ba, fis ya ƙone, Babaji mai gyaran wayarin mota ya dafe kai.

"Yaya, don Allah koma benci ka huta."

Hutun nan kuwa shi Mamman yake tsoro. Ƙuruciyarsa duk a badujalar soja ta ƙare, yana busa bigila, har haƙoransa na gaba suka zube, busa ta gagara. Ana shirin miƙa mulki ga farar hula aka sallame shi yana da muƙamin saje. Matarsa Furera ce ta roƙi ƙanenta Babaji ya gwada shi a garejinsa na Ƙofar 'Yandaka, kuma yau gwajin zai ƙare. Mamman ya san bai tsinana komai ba. Kunya ta ishe shi, ga gida babu ko ƙwayar gero.

Ana haka sai ga Sule direba ya dawo da motarsa fijo, wadda za ta bi ayarin rantsar da sabon ciyaman gobe. Ya danna hon, wani gurnani ya fito kamar an shaƙe bunsuru.

"Malam Babaji, da wannan zan bi ciyaman? Yara sai dariya suke mani."

"Hon sababbi fil na sa maka, duka biyun," in ji Babaji. "Wuta kuma tana zuwa."

Mamman ya taso daga benci. "Ƙara dannawa mu ji." Ya karkata kai ya saurara. "Lafiyarsu lau. Muryoyin ne suka matse juna, shi ya sa suke faɗa."

"To sulhu za ka yi masu, Saje?" Sule ya tsokane shi.

"Tazara zan ba su." Ya ɗauki sukundireba, ya lalubo 'yar ƙusar da ke bayan hon guda. "A badujala, in wani ya riƙe muryar do, na gefensa ba ya kama re da ke manne da ita. Tsallakewa yake ya kama mi, sai su zauna lafiya."

Yana murɗawa a hankali, Sule yana dannawa. Gurnanin ma ƙaruwa ya yi. Babaji ya fara ƙunƙuni, amma Mamman bai saki ba. Can sai muryoyin suka rabu, ƙarama a sama, babba a ƙasa, suka fito tare garau. Har mai shayin tsallaken titi ya ɗago kai.

Sule ya danna ya sake dannawa, baki har kunne. "Wallahi sauran motocin ayari duk nan zan turo su."

Da ya tafi, Babaji ya goge hannu da tsumma.

"Yaya, gaskiya kai da waya ba ku shiri. Kar ka ƙara taɓa mani ita."

"Na ji," in ji Mamman. Ya miƙa masa sukundireban.

Babaji bai karɓa ba. "Sa aljihu. Gobe ana sallame asuba ka zo, direbobin nan ba su da haƙuri."