Baurin Bagaruwa

Shekara ashirin da shida Malam Inuwa ya yi yana jima a wani kamfanin fata a Challawa, in dai danna maɓalli da kallon agogo ana kiransa jima. Gangar injin jima ta juya, lokaci ya cika, ya kashe. Da mahaifinsa Gwadabe Majemi na raye, cewa zai yi wannan ai gadin ganga ne.

Wata Asabar sai ga wata ɗalibar jami'a, Badi'a, ta sauka daga adaidaita a ƙofar gidansa a Zawaciki, da rakoda da littafi. Al'adu take nazari, tana tattara yadda ake jimar gargajiya tun masu ita ba su ƙare ba. An ce mata daga gidan Gwadabe shi kaɗai ya saura.

"Kin zo inda ya dace," in ji shi, yana gyara zaman hula.

Ya shiga zayyanowa: ruwan toka na cire gashi, kashin tattabara na sa laushi, sannan a daka bagaruwa a jiƙa, a tsoma fata. Biro na gudu, shi kuwa har ya fara jin kansa farfesa.

"Baba, bagaruwar kwano nawa kuke zubawa?"

Nan farfesa ya yi tari. Gwadabe bai taɓa aunawa ba, don bagaruwar bana ba ta bara ba ce. Yatsa yake tsomawa ya ɗana a harshe, ya ce "Da saura," ko "Ya yi." Ruwa ya yi ƙarfi, fata ta ƙandare; ya yi tsululu, ta ruɓe. A shekarun da ya kamata Inuwa ya koyi wannan, yana can yana goge wando zuwa neman aiki a Bompai, don 'yan mata su daina toshe hanci saboda warin jima.

Saura kaɗan ya ce kwano biyu. Wa zai ƙaryata shi? Sai ya hango ƙaryar a buge cikin littafi, ga sunan tsohon a ƙasa.

"Ki dawo jibi."

Da kansa ya daka bagaruwar. Matarsa Aina'u ta leƙo. "Malam, korar ka aka yi, ko turmin ne ya yi maka laifi?"

Ranar da Badi'a ta dawo, ƙwarya huɗu ya jera, kowacce da ƙarfinta. Ya bi su da yatsa yana ɗanawa: ta farko, ruwa ne kawai. Ta biyu ma bai ji komai ba sai kunya. A ta uku harshensa ya kama, dasashi ya tsuke. Sai ga shi yaro a gindin wata tsamiya ta bakin kogi, inda yau katangar kamfani take. Sai ga baƙin yatsan Gwadabe mai faso yana shafa masa ruwan a harshe, shi yana ƙunƙuni. "Riƙe wannan, ko ba ka so." Tofarwa ya yi a ranar. Ashe baurin bai fita ba.

Badi'a ta matso da rakoda. "Baba, ku kwatanta mini ɗanɗanon."

Ya nuna rakodar.

"Abin nan naki yana da harshe?"

"A'a, Baba."

"To ajiye shi. Tsoma yatsa."

Ta ɗana, ta yamutsa fuska, ta fara neman inda za ta juya.

"Haka ni ma na yi. Kar ki tofar."

Bayan ta tafi Aina'u ta kawo masa fura mai sanyi. Ya ce ta rufe ta ajiye, ba yanzu ba, kar ta wanke masa baurin.