Mikiyoyin da Suka Sauka a Gonar Harkaman

Kaka tara ke nan Dilmaya tana hawa tsaunin da ke bayan ƙauyensu, a yammacin garin Pokhara, tana ƙirga tsuntsayen da ke wucewa. Da zarar tamba ta nuna a gonaki, sai mikiyoyi su fara ɓullowa daga gabas, su bi gefen duwatsun ƙanƙara su yi yamma. Aikinta ta zauna a kan dutse da madubin hangen nesa a wuya, ta rubuta kowace a littafi. Mijinta ne ya koya mata kafin ya rasu.

Ran nan da hantsi ta riga ta rubuta sittin da uku, sai ta ga wani ayari ya bar hanya. Maimakon su wuce, sai suka yi ta kewaya, suna sulalowa ɗaya bayan ɗaya cikin kwari. Ta bi su da madubi. Gonar yayanta Harkaman ce. Shekaranjiya damisa ta kashe masa akuya ta uku, kuma Dilmaya ta ji abin da ya rantse zai yi.

Ta bar littafin a nan ta gangara da gudu, duwatsu na zamewa a ƙarƙashin ƙafarta.

Ta iske mushen akuyar a gindin gona, an farke cikinta an barbaɗa wani shuɗin garin guba. Ga mikiyoyi a warwatse cikin tamba. Wasu sun riga sun sandare, wasu na jan fiffike a ƙasa, kumfa na fita a bakinsu. Harkaman na tsaye da lauje a hannu.

"Yaya, me ka yi?"

"Damisa na ɗana wa. Ni na gayyace su?"

"Na faɗa maka ka binne ta! Sau nawa na faɗa maka?"

"Ke kina can sama kina ƙirga na Allah, ni ina nan ana cinye nawa. In ta gama da awakin, 'ya'yana za ta koma wa. Littafinki zai tare ta?"

Dilmaya ta tuɓe mayafinta ta lulluɓe wata mikiya da ke numfashi, ta rungume ta za ta kai gida. Ba ta kai bakin rafi ba ta ji wuyan tsuntsuwar ya saki a kan hannunta.

Ita da Harkaman suka haƙa rami. Mikiyoyi goma sha bakwai suka zuba, har da akuyar, da karen maƙwabci da aka tsinta a bayan rumbu. Yana tura ƙasa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙanwata, in ma'aikatan daji suka ji, ɗaure ni za su yi."

"Ba za su ji daga bakina ba," in ji ta.

Ba su ji ɗin ba. Amma da bikin fitilu ya zo, ranar da mata ke shafa wa 'yan'uwansu maza alama a goshi su rataya musu furanni, Harkaman ya yi wanka, ya sa sabuwar hula, ya zauna a kan tabarma tun safe. Matarsa ta ɗumama abinci har sau biyu. Dilmaya ba ta zo ba. Da la'asar ya tashi ya naɗe tabarmar da kansa.