Jajen da Muka Kai Nahuce

Ni Zuwaira ba a taɓa mani yarinya in yi shiru. Duk ma'aikacin da ke cin tuwona a bakin sakatariya ya san haka. Mansura ɗiyar yayana Jatau ce, tana shekara bakwai ya ba ni riƙonta daga Nahuce, don ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Shekara goma muna ɗaki ɗaya a Gusau. Da gumin murhu na sa ta makarantar kuɗi, cikin 'ya'yan manya, kuma saura wata guda ta zauna jarrabawar gama sakandare wannan abu ya faru.

Ta je hutu gida lokacin kai taki gona. Yarinyar kirki, ta hau amalanken shanun ubanta tana taya shi. Ashe wata mota ta biyo hanyar, wani a ciki ya ɗaga waya. Daidai nan ƙafar amalanke ta faɗa rami, Mansura ta zame ta zauna daɓas cikin kashin awaki, ƙafafu sama. Aka haɗa bidiyon da kiɗa, aka rubuta a kai: Sarauniyar Taki.

Ranar da ta dawo daga makaranta ido jajir, ta ƙi cin abinci, na tambaye ta, ta ce ba komai. Ni za a ce wa ba komai? Tana shiga wanka na ɗauki wayarta na bincika, sai ga bidiyon. Nan take na tura shi wayata, na jefa shi zauren iyayen makaranta na Wasap, mu ɗari biyu da arba'in, na bi shi da murya ta minti shida: duk ɗan da ya yi wannan, shi da wanda ya haife shi, ban yafe ba.

Iyaye kuwa suka nuna su iyaye ne. Kan ka ce kwabo zauren ya cika da innalillahi. Kowa na cewa subhanallahi, kowa na turawa gaba don a yi hattara. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta tura zauren adashinsu. Wani ya tura zauren masallacin unguwarsu don a ja kunnen yara. Washegari ƙawata ta kira ni daga Tsafe, tana cewa, “Zuwaira, wannan ba Mansurarki ba ce? Kai, duniya ta lalace!” Ina jin dariyar 'ya'yanta a bayanta.

Kwana uku Mansura ta jure. Ran na huɗu mai babur ɗin da ya ɗauko ta ya waiga ya ce, “Ranki ya daɗe, fada za mu ko gona?” Da na dawo daga wurin sana'a sai na tarar da akwatinta babu. Ta hau mota ta koma Nahuce, ta bar mani saƙo wurin maƙwabciya cewa makaranta ta ishe ta.

Abin nema ya samu ga Alhaji Zaharaddeen, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Tsohon darakta ne, tun da ya yi ritaya yake neman abin da zai shugabanta. Ya kafa Kwamitin Yaƙi da Cin Zarafin Yara ta Intanet, mutum goma sha ɗaya, da ƙaramin kwamitin abinci, da ƙaramin kwamitin riguna. Ni aka ba ni kujerar Uwar Wadda Aka Zalunta, na kuwa zauna a kanta da kyau. Zaman farko ya ƙare kan launin rigar da za a buga. Zama na biyu kan ko a rubuta Intanet ko Yanar Gizo a jikin ƙyallen sanarwa.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga sabgar da zuciya ɗaya ba, Malama Marta, malamar ajin su Mansura. Mace ce mai sanyin magana, irin waɗanda sai ka matso kake jin su. Ta ɗaga hannu ta ce, “Alhaji, da za a fara roƙon iyaye kowa ya goge bidiyon daga wayarsa, a kuma daina...”

“A goge hujja?” in ji Alhaji. “Malama, ke ba ki yi aikin gwamnati ba. Ba a rufe fayil sai an gama bincike.”

Ni ma na harare ta. A raina na ce wannan da wata a ƙasa, ƙila ɗan wani babba take karewa.

Aka yi gagarumin taron wayar da kai a filin makaranta, da rumfuna da lasifika. Aka tara ɗalibai duka, tun daga 'yan aji ɗaya. Alhaji ya ce yaro ba ya gane muni sai ya gani da idonsa, don haka aka kafa majigi aka haska bidiyon a jikin bango, Mansura ta fi ƙofa girma. Yara suka fashe da dariya. Alhaji ya daka tsawa ya ce a sake sakawa, a kalla da natsuwa wannan karon. Sau uku aka saka. Sannan ya yi jawabin awa guda kan tarbiyya, ya ce duk ɗan da ya ɗauki wannan hoto daga gidan da ba a kwaɓa ya fito, kuma in an gano shi kora ce, ko ɗan wane ne. Na tafa har tafina ya yi zafi.

Amma yarinya ba ta dawo ba, jarrabawa kuma saura mako biyu. Na kira ta ba ta ɗauka. Nan hankalina ya fara tashi da gaske, don ni ba kwamiti nake so ba, ɗiyata nake so ta dawo ta zauna jarrabawarta.

Sai Alhaji ya kawo shawarar da kowa ya ce ta yi: a je jaje. Ai haka aka gada. Wanda gobara ta ci, wanda ɓarawo ya shiga wa, wanda ya faɗi a babur, ana zuwa a jajanta masa, balle wannan. Malama Marta ta ce ita da ni kaɗai mu je, mu shiga ɗaki mu yi magana da yarinyar a asirce. Aka ce jajen mutum biyu ai raini ne.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanyar Bungudu, mota huɗu, motar Alhaji a gaba, kowa cikin rigar kwamiti, da buhun shinkafa da katan ɗin lemo da mai ɗaukar hoto. A Nahuce kuwa mota huɗu ba ta tsayawa ƙofar gidan manomi a banza. Kafin mu gama fitowa maƙwabta sun taru, mata na leƙe ta katanga, wani dattijo har ya fara tambayar wa ya rasu.

Yaya Jatau ya fito da gatari a kafaɗa, ya ajiye, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, “Malam Jatau, mun zo jaje. Ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba.”

“Amin,” in ji Yaya. “Amma mi ya faru?”

Aka dubi juna. Ashe bai sani ba. Ashe duk garin ba wanda ya sani. Wayar Yaya irin mai tocila ce, Mansura kuwa cewa ta yi an ba su hutun karatu. Kwana goma tana zaune lafiya a wuri ɗaya tak da ba a kiranta Sarauniyar Taki.

To, ba a jaje mutum bai san abin da ake jajanta masa ba. Alhaji ya zaro wayarsa mai faɗin faranti ya miƙa masa. Maƙwabta suka matso, kai bisa kai. Kiɗan ya tashi. Na ji wani matashi ya ƙyalƙyale ya toshe baki, na ga wani ya ruga kiran abokansa.

Yaya ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce, “Wagga ai ɗiyata ce tana kai mani taki. Ta faɗi, ta tashi, mun kai amalanke bakwai ran nan. Ina abin jaje?”

“Dariya ake yi mata, Malam,” in ji Alhaji. “Saboda takin.”

“Takin?” Yaya ya dubi buhun da muka kawo. “Alhaji, dawar da kuke ci a Gusau, da turare kuke zaton ake noma ta?”

Yaya ya mayar wa Alhaji wayar. Ya ce a sake saka masa. Wannan karon ba Mansura yake kallo ba. Ya sa yatsa a gefen hoton ya ce, “Wanga madubin mota da aka ɗaure da jan salatif, daga cikinta aka ɗauka ko?” Ya ɗaga kai ya dubi motocin da ke ƙofar gidansa. “Ai ga ta can.”

Duk muka juya. Motar Alhaji ce, da madubinta na dama ɗaure da jan salatif. Mutum ya kalli bidiyo ya fi sau arba'in, ya haska shi a bango, bai taɓa ganin motarsa ba. Direbansa ya sunkuyar da kai ya ce lallai cikin hutu ya kai Salma, autar Alhaji, biki Rawayya, kuma ta nan suka bi. Salma ajinsu ɗaya da Mansura.

Kai, ranar na ga babbar riga ta yi wa mutum yawa! Alhaji ya ce ai yaro yaro ne, kuma kora ba ita ce mafita ba a tsarin ilimin zamani. Ni kuwa na miƙe na gyara ɗaurin zane. Na ce, “A'a Alhaji, gidan da ba a kwaɓa, kai ka faɗa! Ko ɗan wane ne, kai ka faɗa!” Na juye masa tas, har da abin da bai yi ba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ina cikin haka sai na ji an ce, “Gwaggo, ya isa.”

Mansura ce a bakin zaure, da hijabinta, ta rame. Ba ta dubi kowa ba sai ni.

“Na san Salma ce tun ranar farko,” ta ce. “Mu tara ne a zaurenmu na aji, mu tara kaɗai muka gani. Na kai wa Malama Marta, ta tara mu a ofis ta rufe ƙofa. Salma ta yi kuka ta ba ni haƙuri, kowa ta goge a gaban Malama. Kafin a tashi makaranta magana ta mutu. Nawa kaɗai ya rage, wanda na ajiye don in nuna wa Malama.”

Sannan ta ce, “Shi kika ɗauka ina wanka.”

Na ce, “Ni don in kare ki na...”

“Na sani, Gwaggo. Kowa ma don ya kare ni ya tura.” Ta dubi mutanen garin da suka cika ƙofar gida, har da masu leƙen wayar Alhaji. “Nan kaɗai ya rage mani. Yanzu kun kawo shi.”

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na nemi bakin nan nawa da duk sakatariya ke tsoro, na rasa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Mai hoto ya matso yana tambaya ko za a tsaya a ɗauki na miƙa shinkafa, Yaya ya dube shi sau ɗaya, ya koma mota da kansa.

Malama Marta ce ta tashi ta kama hannun Mansura suka shiga cikin gida. Ba a kira ni ba. Muna zaune a tabarma kamar masu zaman makoki, lemo ya yi zafi a katan, ba mai sha. Alhaji na ta latsa waya, ina jin gogewa yake yi. Ni ma na ciro tawa na goge, ihu bayan hari.

Sun fi rabin awa kafin su fito. Yaya ya shiga, ya fito, ya tsaya a kaina.

“Za ta koma ta yi jarrabawarta,” ya ce. “Ta ce wahalar shekara shida ba za ta tafi a banza ba saboda kashin awaki.”

Na ce alhamdulillahi, na miƙe zan shiga in ɗauko akwatinta.

“Zauna, Zuwaira,” in ji Yaya a hankali. “Gidan Malama za ta sauka har ta gama. Ita ta zaɓa, ni kuma na yarda.”

Da za mu tafi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ce in gaida gida. Gida! Ta shiga motar baya ta zauna kusa da Malama Marta, akwatin da na saya mata a kan cinyarta.

A hanya na buɗe zauren iyaye, na danna wurin murya zan yi bayani, in ba da haƙuri, in ce kowa ya goge. Na riƙe har minti guda ban ce komai ba. Sai na saki, na kashe wayar na tura ta cikin jaka. Da na isa gida na zuba tuwo kwano biyu kafin in tuna.