Tsagar Bangon Baba Magini

Mutum huɗu suka kama kusurwoyin tabarmar, kowa ya sunkuya saboda gajartar ƙofa, suka fito da Baba Magini daga ɗakin da ya gina da hannunsa shekara hamsin da suka wuce. Maƙeri, maƙwabcinsa na jikin katanga, shi ke riƙe da wajen kai. Ciwo ya cinye tsohon har bai fi nauyin damin kara ba, amma bakinsa na nan daram.

"Ina za ku kai ni? Na ce muku na gaji da ɗakina ne?"

Ɗansa, wanda kowa ke kira Direba saboda motar kayan da yake tuƙawa, ya shiga lallashinsa cewa na ɗan lokaci ne, bangon baya ne yake motsi, kuma Malama mai binciken gidajen laka ta ce bai dace a bar mara lafiya a ƙarƙashinsa ba. Suka ratsa tsakar gida, suka wuce rumbuna uku da turken awaki, suka shimfiɗe shi a ɗakin bulo mai rufin kwano da Direba ya gina wa kansa a bakin hanya. Tun hantsi bai gama ɗagawa ba ɗakin ya ɗauki zafi.

Maƙeri ya miƙe yana goge gumi, idonsa a kan Malama. Tana tsaye jikin rumbu da littafinta a ƙirji, ta sunkuyar da kai. A ransa ya ce, to, an zo wurin. Yau an fitar da mai gida, gobe sai motar rusau.

Wata biyu ke nan da Malama ta fara zuwa. Ta ce daga jami'a take, aikinta shi ne binciken tsofaffin gidajen gona na laka, a auna su, a zana su, a taimaka wa masu su kada su rushe. Ta auna ɗakin, ta auna rumbunan har da duwatsun da suka zauna a kai, ta ƙirga azarar rufi ɗaya bayan ɗaya, har akurkin kaji ba ta bari ba. Tsohon kuwa ya samu mai saurare, yana ta ba ta labarin yadda ake jiƙa laka kwana uku ana takawa kafin ta nuna. Maƙeri dai ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa. Yana saurayi wasu masu igiyar awo suka zo gidan mahaifinsa da irin wannan fara'a, suka shafa jan fenti a bango, wata uku bayan haka hanya ta bi ta tsakiyar ɗakin uwarsa. Kuma ya sha jin Direba yana cewa gidan laka wahala ce, kowace shekara sai yaɓe. Da ya ga su biyun suna yawan tsayawa a bayan ɗaki suna nuna bango, sai ya haɗa wannan da wancan.

A bayan ɗakin akwai wata tsohuwar tsaga da ta taso daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum, ta gefen lungun da Maƙeri ke zuba gawayinsa. Wata rana ya tarar an manna wasu fararen abubuwa uku a kan tsagar, kowanne kamar tafin hannun jariri, da kwanan wata a rubuce da fensir. Bai tambayi kowa ba, don a ganinsa jan fenti ne ya sake launi. Washegari da safe, da ya fito ɗibar gawayi, ya ƙwanƙwasa su a hankali da ƙotar guduma har suka tsage suka zube, ya bar ɓaraguzan a gindin bango don a ce da kansu suka faɗi. Malama ta sake mannawa, ya sake fasawa. Sau huɗu ana haka, ko matarsa bai gaya wa ba.

Bayan an mayar da tsohon ɗakin kwano, kullum Maƙeri yakan bar maƙera da azahar ya je ya zauna yana yi masa fifita. Kunnensa na kan hanya, ko zai ji ƙarar babbar mota. Idan Direba ya fita amsa waya, sai ya bi shi da kallo. Idan Malama ta kawo wa tsohon lemo, sai ya ɗauka ya jujjuya kamar mai neman ƙwaro a ciki. Matarsa ta ce masa wannan zargin zai sa masa hawan jini, yarinyar nan ko tsinke ba ta taɓa ɗauka a gidan ba. Ya ce ai mai son ɗaukar gida gaba ɗaya ba ya tsayawa ɗaukar tsinke.

Tsohon ya daina cin abinci sosai, ya kuma daina tsokanar mutane, abin da ya fi damun Maƙeri. A rana ta takwas, suna su biyu, kwano na ta ƙara saboda zafi, sai Baba Magini ya buɗe ido ya kira shi da sunan da ya saba kiransa.

"Baƙin Hannu, ashe ginina ya ci amanata."

Maƙeri ya ce ya daina wannan magana, makirci ne kawai aka ƙulla don a raba shi da ɗakin.

"Ba makirci ba ne. Yarinyar nan ta nuna mini dabararta, kuma dabara ce mai kyau. Farar ƙasa take kwaɓawa ta ɗora a kan tsaga. In bango na zaune lafiya, tana nan. In yana buɗewa, sai ta tsage. Sau huɗu tana sawa, sau huɗu tana faɗuwa." Ya numfasa. "Tsagar nan tun shekarar da aka haifi Direba take, na rantse ba ta taɓa ƙaruwa ba. Ashe idona ne ya mutu ban sani ba. Ina ta koya wa mutane gini, ashe nawa ma bai tsaya ba."

Maficin ya tsaya a hannun Maƙeri. Ya ajiye shi a gefen shimfiɗar. Ya yi sallama ya fita.

Ranar bai hura wuta ba. Ya zauna a maƙera yana juya abin. Da farko ma ransa ya raya masa cewa wataƙila tatsuniya ce suka shirya wa tsoho. Amma duk ta inda ya bi, sai ya dawo kan ƙotar gudumarsa. Idan ya yi shiru, babu mai sani har abada, sai dai maƙwabcinsa na shekara arba'in zai cika a ƙarƙashin kwano yana ganin aikin hannunsa ya gaza. Idan ya faɗa, da furfurarsa zai tsaya gaban Direba, sa'an ɗan cikinsa, da yarinyar da bai ko amsa gaisuwarta ya ce shi ne.

Da safe ya same su a bayan ɗakin. Malama na durƙushe da ƙaramin ma'auninta a bakin tsagar, Direba na tsaye nesa da ita, kowa fuska a ɗaure. Maƙeri ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da ya yi tun daga farko, bai rage ba, har da dalilinsa da labarin jan fenti. Yana magana yana kallon ɓaraguzan da ke gindin bango.

Direba ya juyo ya dube shi. "Haba Kawu. Kwana tara fa yana can yana gasuwa."

Malama ta zauna daɓas a kan buhun gawayi, ba ta damu da baƙinsa ba. Ta ce abin ya daɗe yana ɗaure mata kai, domin duk lokacin da ta auna faɗin tsagar ba ta ganin ya ƙaru, amma alamun na ta faɗuwa. Ta yi zargin hannu ne, sai dai ba ta iya barin tsoho a ƙarƙashin bango a kan zargi. Ta ɗago ta dubi Direba da kunya.

"Gaskiya kai na zarga. Na ɗauka so kake a ce ɗakin ya lalace ka samu hanyar rushewa."

"Ni kuma na ɗauka ke kike fasawa," in ji Direba, "don a kwashe mu ku mayar da gidan wurin kallo."

Ba wanda ya yi dariya. Direba ya tambaye ta ko yanzu za ta iya cewa bangon lafiya yake. Ta ce a ƙa'idar aikinta sai ta sake mannawa ta jira mako biyu. Ta dubi lambobin da ke littafinta, sannan ta ce awo bakwai ta yi cikin wata biyu, duk abu ɗaya suke faɗi, kuma ba ta jin Baba na da mako biyun da zai jira.

Maƙeri ya ce shi zai gaya wa tsohon da bakinsa. Ya shiga ya durƙusa gefen shimfiɗar ya sake maimaita komai. Baba Magini ya daɗe yana kallonsa. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, Maƙeri ya tsorata ya zaci numfashi ne ke sarƙewa, ashe dariya ce ba ta da ƙarfin fita.

"Wato bangona bai motsa ba?"

"Ko kaɗan, Yaya. Ni ne na motsa."

"Kai da ba ka san komai ba sai dukan ƙarfe, wa ya aike ka wajen laka?" Ya lumshe ido. "Ku ɗauke ni."

Kafin rana ta yi tsaka suka sake kama kusurwoyin tabarmar. Wannan karon Malama ce ta kama ta huɗun, ta ajiye littafinta a kan dutsen rumbu. Da suka sunkuya suka shiga, sanyin ɗakin ya tarbe su da ƙamshin tsohuwar ƙasa. Tsohon ya ce a matsar da shi jikin bangon baya, aka matsar. Ya sha ruwa rabin kofi, ya tambaya ko an ba awaki dusa, ya yi barcin da bai samu ba tun da aka fitar da shi.

Kwana biyu ya ƙara. A rana ta uku da hantsi, Direba ya fita kiran ma'aikacin asibiti, Maƙeri na zaune shi kaɗai a bakin shimfiɗa, sai ya lura numfashin da yake saurare ya ɗauke. Ya kira shi sau biyu a hankali, ya yi masa addu'a, ya shafa idanunsa ya rufe. Da ya zo gyara masa hannuwa, ya ga na dama na jingine da bango. Yaɓen wurin na ɗauke da sawun yatsu, layi huɗu huɗu a jere tun daga ƙasa har sama, kuma yatsun tsohon na kwance cikin huɗu daga ciki, kowanne a gurbinsa. Maƙeri ya janye nasa hannun, ya koma ya zauna yana jiran Direba.