Bugun Bangon Mai Agogo

Bugun ya zo ne bayan la'asar, Malama tana tsakiyar duba takardun jarrabawar ɗalibanta. Ba ta ɗaga kai ba. Sai da ta ƙarasa layin da take karantawa, ta sa maki a gefe, sannan ta miƙe ta je wurin akwatin intanet da ke bisa kanta ta zare wayarsa daga soket. Korayen fitilunsa suka mutu. Ta ɗauki rula ta ƙwanƙwasa bangon sau ɗaya kamar yadda ta saba, ta koma ta zauna. Ba ta san cewa a ranar ce maƙwabcin nata zai cika ba.

Bangon shi ne ya raba falonta da ɗakin dattijon da duk mutanen benen suke kira Mai Agogo. Ya shafe rayuwarsa a wani ɗan shago yana gyaran agogo, har idonsa ya fara gazawa, ya rufe shagon ya kwaso waɗanda masu su suka manta da su ya jera a bangon ɗakinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa guda, wadda yake kira Auta duk da furfurar da ta fara fito mata, tana can wani gefen gari da mijinta, tana leƙo shi a ƙarshen mako. Ita ma Malama mijinta ya riga ta, ɗanta kuma yana aiki a nesa. Shi ne ya sa mata akwatin don ta riƙa ganin jikokinta a waya.

Wata safiya Mai Agogo ya tare ta a kan matattakala, bayan gaisuwa ya tambaye ta ko tana jin abin nan. Ta saurara, ba ta ji komai ba sai motoci. Ya ce wata siririyar ƙara ce, kamar butar shayi tana fito a gidan maƙwabta, ba ta tashi ba ta sauka, kuma ta fi tsananta idan gari ya yi tsit. Ya nuna mata dogon ƙarfen sadarwa da aka kafa a kan ginin da ke tsallaken titi. A lissafinsa, tun da aka kafa shi abin ya soma.

Auta ta kai shi wurin likitan kunne. Likitan ya gwada jinsa, ya ce ƙarar daga ciki take, abu ne da yakan zo da shekaru idan ji ya fara raguwa, ya kuma gargaɗe shi game da hawan jininsa. Da dattijon ya kawo zancen ƙarfen da wayoyi, likitan ya ce an yi bincike a kai, amma shi bai ga wata hujja mai ƙarfi da zai jingina da ita ba. Mai Agogo ya gode masa da ladabi, ya dawo gida bai gamsu ba. Mutumin da yake kara agogo a kunne ya faɗi haƙorin da ya ci a ciki tun kafin ya buɗe bayansa, ba zai yarda a ce akwai ƙarar da ba ta da mafito ba.

“Yaro ne,” ya ce wa Malama. “Kunnensa sabo ne, bai san abin da tsoho yake ji ba.”

Daga nan ya lulluɓe tagarsa da takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe abinci. Wayarsa kuwa ya sa ta a tukunyar ƙarfe ya rufe da murfi, ba ya fito da ita sai idan shi ne zai kira. Maigadin benen ya samu abin tsokana. Duk sanda dattijon ya sauko zuwa masallaci sai ya tambaye shi ko wayar ta nuna, shi kuma ya ce saura kaɗan, idan ta yi laushi zai aiko masa da romon.

Ranar da Mai Agogo ya zo mata da maganar akwatin, nesa da ƙofarta ya tsaya, hularsa a daidaice, yana ta ba da haƙuri tun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ya lura idan fitilun nan masu kama da idon kyanwa suna ci, ƙarar tana ninkuwa, ga shi kansa yana jingine da bangon idan ya zauna. Bai ce ta rabu da shi ba. Ya roƙa dai idan abin ya matsa masa ya buga bango, ita kuma ta kashe na ɗan lokaci. Ta ce babu komai, kuma za ta buga masa sau ɗaya don ya san ta kashe. Hakan ya yi wa kowannensu daidai. Shi ba ya shiga ɗakin matar da ba ta da miji, ita ma ba ta taɓa taka nasa ba, ko abinci za ta ba shi sai dai ta miƙa daga bakin ƙofa. Bangon ya ɗauke musu wannan nauyin.

Ba a daɗe ba Malama ta gane wani abu. Wata rana an ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, akwatin a mace, amma ya buga. Wata ranar kuma hannunta duk kumfar wanki, ta buga masa da gwiwar hannu da niyyar ta zare wayar daga baya, ta manta. Washegari ya tare ta yana sa mata albarka, ya ce tana kashewa ya ji kamar an zare masa allura daga kunne. Ba ta gaya masa ba. Ta ci gaba da zarewa duk sanda ya buga, domin ta yi alkawari, kuma ba ta son amsarta ta zama ƙarya. Amma a ranta ta yanke cewa ba akwatin ne damuwarsa ba. Abin da yake so shi ne ya ji akwai mai rai a ɗaya gefen. Ta riƙe wannan fahimtar a matsayin sirrinta, har takan ji ta fi likitan da Auta sanin ciwonsa.

Shi ya sa da bugun ya sake zuwa a wannan yammacin, ba ta tashi da sauri ba. Ta dubi akwatin, a mace yake. Bugun bai yi kama da na kullum ba, ba shi da kaifi, kuma tazararsa ba daidai ba ce, amma hankalinta yana kan wata yarinya da ta rubuta amsa mai kyau a ƙarƙashin tambayar da ba tata ba. Ta ji ɗan ƙosawa, ta yi istigfari, ta miƙa rular ta sake bugawa. Jim kaɗan ya sake, a hankali sosai.

“Na kashe, Baba,” ta ce, ta san ba ya jin magana ta bangon. Ta buga masa.

Shiru ya biyo baya. Ta ce alhamdulillahi, ƙarar ta lafa masa. Da magariba ta ji agogunansa suna bugawa ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta ji ƙarar ƙofarsa da jan takalminsa zuwa masallaci ba. Ta ce wataƙila ya fita tana alwala.

Da safe ta fito da jakarta za ta makaranta, ta tarar da Auta tana dukan ƙofarsa da tafin hannu. Ta ce tun jiya take kira ba ya shiga, ta san wayar tana tukunya, amma ya saba kiranta bayan asuba, yau bai kira ba. Aka kira maigadi ya zo da guduma. Malama ta tsaya a kan matattakala, hannunta a kan ƙarfen dafawa. Ta ji makulli ya karye, ta ji agogo da yawa suna tafiya a cikin ɗakin, sannan ta ji Auta tana salati da wata murya ƙasa ƙasa. Maigadi ya fito ya cire hularsa, ya rasa inda zai ajiye ta, ya mayar.

Malama ta faɗi abin da ake faɗa. Ta koma ciki ta ajiye jakar, ta kira shugabar makaranta, ta kwashe takardun daga tebur don a samu wuri. A falonta mata suka zauna. Ta ɗora ruwa, ta fito da kofuna, ta nuna wa baƙi banɗaki. Jikinta yana yin komai daidai, ita kuwa kamar tana kallonsa daga bakin ƙofa. Wata 'yar'uwar mamacin ta ce sabis ɗin wayarta ba shi da ƙarfi, ga dangi na nesa ba a sanar da su ba, ko za a kunna akwatin. Malama ta ɗan tsaya da wayar akwatin a hannu, sannan ta jona.

Bayan an kai shi, zance ya rabu biyu. Wata daga hawa na sama ta ce ita dama ta faɗa, ƙarfen nan ba alheri ba ne, ita ma kanta yana sarawa tun da aka kafa shi. Wata ta ce ina ruwan ƙarfe, mutumin da kwalbar maganin hawan jininsa take cike. Auta ta ce likitan da ya duba shi ya ce jijiya ce ta fashe a kansa, kuma da alama tun yammacin jiya ya faɗi. Aka tambaya ko ya daɗe kafin ya cika. Ta ce likitan bai iya cewa ba. Aka yi masa addu'a. Malama ta shafa tare da kowa, ta tashi ta duba ruwan da ta riga ta sauke.

Ta kwana tana neman sautin bugun nan a cikin kanta. Wani lokaci ta ji shi daidai da na kullum, wani lokaci ta ji dabam, har ta kasa bambance abin da ta ji da abin da take tsoro.

Da baƙi suka ragu, Auta ta roƙe ta ta taya ta haɗa kaya. A ranar Malama ta fara shiga ɗakin. Hasken da ke ratsa gefen takardar tagar ya sa komai ya yi fari fat. Rabin agogunan sun tsaya, ba mai murɗa su. Kujerarsa tana jingine da bangon, kuma daidai kafaɗar mai zama fenti ya goge, ya yi wani ɗan rami mai santsi inda ƙotar sandarsa ta saba sauka. Sandar tana can rataye a bayan ƙofa. Malama ta sunkuya za ta naɗe darduma, sai ta ga wasu alamu a ƙasan bangon, kamar taƙi ɗaya daga daɓe. Sababbi ne, ƙanana, farar ƙurar siminti tana zube a ƙarƙashinsu. Kusa da su akwai agogon hannu mai madaurin ƙarfe, gilashinsa a tsage.

Auta ta buɗe tukunyar ta ɗauko wayar. Ta yi wani sauti mai kama da dariya.

“Yaya, kin san da na kira bai shiga ba har tsaki na yi? Na ce tsohon nan da girkinsa.”

Malama tana iya naɗe dardumar ta jingina ta a wurin, babu wanda zai duba. Ta yi wannan tunanin sarai, ba tare da wani bugun zuciya ba. Sannan ta ce, “Auta, zo ki ga.”

Auta ta tsuguna. Ta taɓa alamun da yatsa, ta ɗauki agogon ta juya shi.

“Ya buga ranar,” in ji Malama. “Bayan la'asar. Na ɗauka irin na kullum ne. Na kashe akwatin, na buga masa. Ban fito ba.”

Auta ba ta dube ta ba. Ta daɗe tana goge ƙurar daga madaurin agogon da bakin mayafinta. Malama ta jira a zage ta, ko a ce mata babu komai, ta ga kowanne ya zo za ta iya ɗauka.

“Da ya sake bugawa fa?”

“Na sake.”

“Har ya daina?”

“Har ya daina.”

Auta ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce da ita ma ta zo a daren, da wayar tana waje, da ya sha maganinsa. Ta lissafo su kamar mai ƙirga kayan da aka riga aka tafi da su, ba ta sa na Malama a ciki ba, ba ta kuma cire shi ba. Daga ƙarshe ta ce, “Aƙalla dai ya san kina nan.” Ta sa agogon a jakarta, ta miƙe ta ce su fara da kwanuka.

Suka yi aikin har azahar, ba su sake komawa kan maganar ba. Suka ɓare takardar tagar, ƙarfen ya bayyana a tsallaken titi, tsuntsaye biyu a kansa. Suka jera agogunan a kwalaye, sai babban guda ɗaya mai lilo da aka ɗaure da kusoshi a bango, suka bar shi sai an samu kafinta. Da za ta tafi, Auta ta ce Allah ya saka da alheri, Malama ta ce Allah ya jiƙansa, suka rabu a kan matattakala.

Da yamma Malama ta yi la'asar, ta zauna a kan sallaya, kafaɗarta a jikin bangon. Fitilun akwatin suna ci a bisa kanta, ba wanda suke damu. Takardun ɗalibai suna kusa da ita, da rular a kansu. Can sai babban agogon ya buga ta cikin bangon, a makare, da nauyi, kamar mai jan ƙafa. Kafin ta ankara rular tana hannunta. Ta riƙe ta a cinyarta, tana sauraro, har amon ya ƙare.