Rumbun da Halilu Ya Ƙi Hawa

Sabon babur ɗin Luƙman yana tsaye a ƙofar gida, ko ledar da ke kan sirdinsa ba a yaye ba. Halilu ya zo wucewa da tsohon kekensa, ya kau da kai kamar bai gani ba. Ya gani sarai, har da madubin nan guda biyu masu ƙyalli.

A zaure ya tarar da mahaifinsu, Malam Inusa, yana juya sabon tabarau a hannu.

"Luƙman ya zo daga Dogon Dutsi," in ji tsohon. "Luƙman ya kawo mini wannan. Allah Ya yi wa Luƙman albarka." Sai can ya ɗaga kai. "Kai, ka dawo?"

"Na dawo, Baba."

Halilu ɗan fari ne. Shekararsa arba'in da ɗaya, bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, daga "kai" sai "wancan". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Amma sanin dalilin ciwo ba ya rage masa zafi. Sunan ƙanensa kuwa, tsohon yakan tauna shi kamar goro, sau goma a wuni.

Ɗan canji ne Halilu. Shekara goma sha shida yana bayan teburi a kasuwar Tibiri, yana juya naira zuwa sefa, sefa zuwa naira, yau riba, gobe a tashi da ciwon kai. Shi kuwa Luƙman wayoyi yake sayarwa a Dogon Dutsi, sai wata biyar da suka wuce ya haɗu da wani Sharif a WhatsApp. Wai Sharif yana da kamfani a ƙasar waje mai cinikin kuɗaɗen duniya, da cinikin gaba na zinariya da man fetur. Ka zuba kuɗinka, ka kwanta, su yi ta haihuwa a cikin waya. Wanda ya kawo wani kuma yana da lada. Luƙman ya kawo abokansa, ya kawo limamin unguwarsu, ya kawo har wanzaminsa. Yayansa kaɗai bai yi wa tayi ba, kuma wannan ya fi babur ɗin ci wa Halilu rai.

Bayan la'asar tsohon ya tara su a gindin rumbu. Rumbun gandu ne na laka, ƙato, da geron shekara uku a ciki.

"Luƙman ya yi mini bayani," in ji Malam Inusa. "Cinikin gaba, ai kamar mai sayen gero ne tun yana gona. Gobe motar wani ɗan kasuwa za ta zo daga Gesheme. A fidda geron nan a sayar, a zuba. Kafin damina ya zama rumbu uku." Ya juya wajen da Halilu yake. "Kai, da safe ka sa tsani."

A gidan nan, tun zamanin kakanni, babu mai shiga rumbun gandu sai babban ɗa. Wannan kaɗai Halilu yake da shi wanda Luƙman ba ya da shi.

"Luƙman," ya ce, "a wata biyar ɗin nan, rana nawa ka faɗi?"

"Ko ɗaya, Yaya." Luƙman ya miƙo wayar, layi kore yana ta hawa sama. "Riba tabbas ce, garanti. Abu ne na zamani, ba irin na teburi ba."

Maganar teburin ta sauka inda aka aike ta. Halilu ya haɗiye.

"Mai sayen gero tun yana gona, Baba, wata shekara fara ta cinye, wata shekara farashi ya karye. Ni da nake riƙe da kuɗin da hannuna, ban taɓa yin mako biyu ban faɗi ba. Kasuwar da ba a faɗuwa ba kasuwa ba ce. Kai kuma Luƙman, ka taɓa ganin Sharif ɗin da idonka? Ina ofishinsa? Wace hukuma ta ba shi takardar izini?"

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Luƙman a hankali, yana goge fuskar wayar da hannun riga.

 Abin haushin shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Hassada ce, tana nan daram a ƙirjin Halilu. Da Luƙman tsiya ya kwaso, da Halilu bai ɓata wata guda yana neman aibin sana'arsa ba. Sai dai mai neman aibi ma wani lokaci yakan samu na gaske.

"Na ji, hassada ce," ya ce. "Amma mu a teburi, hannu da hannu ne, cinikin makaho. Ba na sakin naira sai sefa ta taɓa tafin hannuna. Abin da aka ba ka ka sayi babur, tsaba ce aka watsa wa kaza. Ka cire kuɗinka duka, uwa da riba, ka ajiye su a kan tabarmar nan Baba ya taɓa. Ranar zan hau rumbu. Kafin nan ƙafata ba ta taka tsani."

Tsohon ya dube shi, kallon da bai taɓa yi masa ba.

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ka gafarce ni, Baba."

Washegari mota ta zo, ta jira har hantsi, ta koma wayam. Malam Inusa ya daina amsa gaisuwar Halilu da baki, sai da ka.

Luƙman ya danna neman kuɗinsa a gaban kowa, yana murmushi. Amsa ta zo bayan kwana biyu: sai ya fara biyan haraji, kashi ɗaya cikin goma na abin da ke cikin wayar, kafin a saki sauran.

"Ka'ida ce," in ji shi. "Haka ake yi a ko'ina."

"In kuɗinka na hannunsu, me ya hana su cire harajin a ciki?" in ji Halilu.

"Yaya, ka bar abin da ba ka sani ba. Babur zan sayar in biya. Ranar Juma'a ka shirya tsaninka."

Nan ne fa. Halilu ya san duk wanda ya ce ka biya kafin ya ba ka naka, ɓarawo ne. Ya buɗe baki zai ce, "Don Allah kada ka sayar, ka tsaya haka, mu je wajen jandarma." Da ya kama hannun ƙanensa ya faɗa da muryar yaya, wataƙila da ya ji. Sai idonsa ya faɗa kan madubin nan guda biyu a ƙofar gida. Ya rufe bakinsa, ya gyara hularsa.

Babur ya tafi. Aka biya haraji, sai aka nemi kuɗin tantancewa. Kafin Juma'a lambar Sharif ta daina shiga, layin kore ya ɓace, wayar ta koma waya kawai. Liman da wanzami suka yi sallama a ƙofar gida, ba da fara'a ba. Luƙman ya rufe shagonsa na Dogon Dutsi ya dawo ɗakin ƙuruciyarsa.

A bakin rijiya kuwa an riga an yanke hukunci. Wata biyar abu yana tafiya lafiya lau, sai da Halilu ya sa masa baki. Har gwaggo Hannatu, ƙanwar babansu, ta aiko a faɗa wa Halilu ya ji tsoron Allah. Bai musa ba. Ya rasa wanne daga cikin laifin zai musa.

Damina ta zo da gardama. Ruwa ya yi jinkiri, tiyar gero ta yi tsadar da mutane suka koma auna ta da gwangwani. A watan takwas, wata safiya, tsohon ya tsaya a gindin rumbu, bai dubi kowa ba.

"Kai, sa tsani. Dami biyu, ɗaya na gidan Hannatu."

Halilu ya hau, ya ɗaga jinka, ya dira ciki. Geron shekara uku yana nan cif, har wuyan rumbu, da ƙamshinsa. Ya tsaya yana jira ko za a ƙara wata magana daga waje.

Aka ƙara. Ta cikin laka ya ji muryar tsohon, ƙasa-ƙasa, irin wadda ake lallashin mara lafiya da ita.

"Luƙman, fito ka sha iska. Kuɗi ne, Luƙman, ba rai ba. Zo zauna nan kusa da ni. Ga gero Allah Ya bar mana, Luƙman."

Halilu ya daɗe a tsaye da dami a hannu. Da can babur yake wa kishi. Yanzu ga shi babu babur, babu shago, babu ko dala, kuma da za a ce su yi musaya da ƙanensa a safiyar nan, da ya karɓa.

"Kai, ka yi barci ne a ciki?"

"A'a, Baba."

Ya cilla damin farko waje, ya sunkuya ya ɗauki na biyu.