Gaisuwar Habboba Hindu

Malam Zaharaddini ya daɗe yana bin tsofaffin ƙauyensu, kusa da Managil, yana naɗar muryoyinsu a waya. Suna ba shi labarin yadda iyayensu suka taso daga Sakkwato a ƙafa, da yadda aka fara noman auduga a bakin magudanan ruwa. Da yawansu sun rasu. Muryoyin suna wuri ɗaya tak, cikin tsohuwar kwamfutar makaranta.

Kamal, tsohon ɗalibinsa mai gyaran waya a kasuwar Managil, ya zo taya shi shirya su don yara su saurara. Ya zo da wata manhaja mai basira, wadda ake gaya wa aiki ta shiga cikin fayiloli ta yi da kanta.

"Ustaz, matsalar gaisuwa ce," in ji Kamal. "Ina kwana, ina gajiya, ina wane, ina wance. Kafin tsoho ya kai ga labari yara sun yi barci. Mu ce ta yanke."

"A kan na asalin za ta yanke?"

"Sai in mun yarda mata."

"To, dakata mu kwafe tukuna."

Malam ya fito da ɗan memori. Ƙarami ne, bai ɗauki ko rabi ba. Ya kwashi abin da ya samu, ya sa a aljihu, ya ce sauran a jira ranar kasuwa ya sayo wani. Aka kira la'asar, ya tafi alwala.

Manhajar ta rubuto tambaya: ta ajiye na asalin a gefe, ko ta maye gurbinsu? Wuri ya yi ƙaranci a kwamfutar, motar Managil kuma ba ta jiran kowa. Kamal ya ce ta maye.

Da Malam ya dawo an gama. Aikin ya yi tsaf, kowane tsoho yana farawa kai tsaye da labari. Kamal ya kunna muryar kakarsa, Habboba Hindu, wadda ta rasu bara. Ta yi bayanin rijiyoyin hanya da kyau. Kamal ya dubi Malam.

"Ba haka take magana ba."

"Ita ce," in ji Malam. "Gaisuwar ce babu."

Ya sa memorin ya duba. Nata na ciki. Muryar ta fito da tari da ƙarar tabarma. Ta tambayi matar Malam, ta tambayi dawa, ta bi 'ya'yanta da ke garin Sinnar ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, "Ina mijin nan nawa marowaci, Kamalu? Ka ce masa in bai kawo mini gahawa ba na canza miji."

Kamal ya sake kunnawa. Sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Na Baba Mato fa?"

Malam ya duba memorin daga sama har ƙasa. Babu. Shi ma Baba Mato ya rasu, kuma a gaisuwa yakan kira jikokinsa da sunayen da shi kaɗai ya raɗa musu.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ce daga yau kwafi kawai za a riƙa ba manhajar, na asali ko ganinsu ba za ta yi ba. Ya ɗauki hularsa.

"Tashi mu je gidan Mato. Gara su ji daga bakinmu."